Karo-Kan ɗin Kawu ta gagare ni, wane layi zan kama?

Wasiƙar wannan mako daga wani matashi take, mazaunin Gwale, a kan wasan ces (chess). Ga wanda bai saba ba: irin su e4 da c6 sunayen gidajen allo ne, N na nufin doki, B bishof, Q sarauniya, x kuma ci. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Shekaruna 24, ina tsaron shagon yayana a Kantin Kwari. Shekara biyu ke nan da na koyi wasan ces a waya. Akwai wani kawuna, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, duk Juma'a da Lahadi bayan La'asar yakan fito da allonsa ƙofar gida. Duk ran da na riƙe Fari na buɗe da e4, sai ya amsa da c6, wato Karo-Kan. Mun kara ya fi sau 30, ban taɓa cinsa ba, canjaras huɗu kawai na samu. Na gwada 3.Nc3, na gwada 3.e5, na gwada 3.f3, har tarkon doki a d6 da na gani a YouTube na ɗana masa, bai faɗa ba. Shi dai ya yi ta musayar 'ya'ya har mu kai ƙarshen wasa ya cinye ni da soja ɗaya tak. Makon jiya raina ya ɓaci na ture allon na tashi, tun daga ranar ban koma ba saboda kunya. Nan da mako uku za a yi 'yar gasa a unguwa, shi ma zai shiga. Wane layi ne zai fasa min wannan katanga? Ko in bar e4 gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Zan ba ka layin, zan kuma faɗa maka dalilin zaɓensa. Amma bari in fara da allon da ka ture, domin muddin ba a gyara wannan ba, ba ka da wanda za ka buga layin da shi. Kafin Juma'ar nan ka je gidan Kawu, ba lokacin wasa ba, da safe ko bayan Isha'i sa'ad da babu 'yan kallo. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce "Kawu, na yi kuskure, a yi haƙuri a yafe min." Kada ka ɗora da bayanin abin da ya harzuƙa ka. Dattijon da ya zauna da kai sau talatin, yana sake jera maka 'ya'ya duk bayan ya cinye ka, ba ƙinka yake yi ba. Ina ma kyautata zaton tun ranar yake duban hanya ko za ka ɓullo. Mutumin da ya shafe rayuwarsa a gaban allo da alli ya ga fushin ɗalibai iri-iri, naka ba zai zama baƙo a wurinsa ba.

To, mu zo kan Karo-Kan. Sunan na mutum biyu ne, Horatio Caro ɗan Ingila mazaunin Balin, da Marcus Kann na birnin Biyana, waɗanda suka yi nazarinta a shekarun 1880. Ka fahimci abin da take nufi tukuna, domin na lura a wasiƙarka ka ambaci layuka uku da tarko ɗaya, amma ba ka faɗi ko sau ɗaya abin da Kawu yake ƙoƙarin yi ba. Baƙi yana so ya kafa soja a d5 ya tokare maka tsakiya. Kafin ya yi haka yana bukatar wani sojan da zai dafa wa na d5 baya. Zai iya yin haka da e6, wato kariyar Faransa, amma e6 tana kulle bishof ɗinsa na c8 a cikin gida, ya zauna yana kallon bayan sojojinsa. Da c6 kuwa hanyar bishof ɗin a buɗe take. Sai ya fita zuwa f5 ko g4, sannan Baƙi ya buga e6, kamar maigidan da ya bari yaro ya fita aike sannan ya sa sakata. Yanzu yana da sojoji a c6 da d5 da e6 sun riƙe juna, ba rauni ko ɗaya, kuma babu wani ɗansa da ke kulle. Kuɗin da yake biya shi ne jinkiri: c6 ta cinye gidan da dokinsa ya fi so, kuma 'ya'yansa sukan fito a hankali. Ke nan duk wanda zai dame mai Karo-Kan, ta wajen wannan bishof ɗin zai fara.

Ka cire wa ranka maganar fasawa. Kafabulanka ya buga ta, Botbinik ya buga ta, Petrosiyan da Karfof sun dogara da ita, dukkansu kuwa sun riƙe kambun duniya. Mika'il Tal, wanda har yau ba a yi mai kai hari irinsa ba, ya ƙwace kambu daga hannun Botbinik a 1960 yana ɗan shekara 23. Da aka sake karawa a 1961, Botbinik ya dawo da shiri, Karo-Kan na cikin makamansa, ya karɓe abinsa da maki 13 da 8. Idan akwai taku ɗaya da ke rushe wannan kariya, da Tal ya gano shi. Kai ɗan Gwale ne, ka san badala. Lokacin da take tsaye da ƙarfinta babu mai hankalin da ke tunkararta da ka. Mai zuwa daga yamma ya bi ta Kabuga ko Dukawuya, wani ya zagaya ta Gadon Ƙaya ko Na'isa. Tambayar da ta kamace ka ita ce wace ƙofa ce idan ka shiga ka san lungunan da ke bayanta.

Tarkon da ka ɗana na san shi: 3.Nc3 dxe4 4.Nxe4 Nd7 5.Qe2, idan Baƙi ya yi sakaci ya buga Ngf6, sai 6.Nd6, sarki ya mutu a tsakiyar 'ya'yansa, domin sojan e7 ba zai iya cin dokin ba, sarauniyarka ta ɗaure shi. Yana da daɗin kallo, kuma na tabbata ka kama yara da shi a waya. Amma dubi abin da ya rage maka idan bai faɗa ba. Kawu ya kai ɗaya dokin, wanda ke d7, zuwa f6, shi ke nan ya buɗe wa sarkinsa gida, kai kuma sarauniyarka na tsaye a e2 ta tare wa bishof ɗinka na f1 hanya. Ka sayar da tsarin gidanka don fatan dattijo zai yi gyangyaɗi. Malamin lissafi kuwa ba ya gyangyaɗi a taku na biyar.

Akwai wasan da masu son sadaukarwa, wato ba da ɗa da gangan don buɗe hanyar hari, ke yawan kafa hujja da shi, na ƙarshe a karawar Kasfarof, mai riƙe da kambun duniya a lokacin, da kwamfutar Deep Blue a Niyok, watan Mayun 1997. Kasfarof ya buga Karo-Kan, kwamfuta ta jefa doki a e6 a taku na takwas, wasa ya ƙare a taku na 19. Gaskiya ne. Sai dai wannan sadaukarwa sananniya ce tun kafin ranar, kuma ta yi aiki ne saboda Kasfarof ya buga h6 kafin lokacinta, bai riga ya fito da bishof ɗinsa d6 ba. Taku ɗaya ne ya bambanta. Wanda ya ga dokin ya faɗa e6 bai ga sharaɗin ba, shi ne ke jefa doki a duk inda ya ga dama, ya tashi da ɓacin rai.

Sauran layukan da ka gwada babu marar kyau a cikinsu. 3.e5 shi ne abin da manyan 'yan wasa da yawa ke bugawa yau, yana ba Fari fili, amma Baƙi na dawowa da c5 da Qb6 ya matsa wa d4 da b2, kuma idan ba ka haddace amsoshin ba za ka ga tsakiyarka na zubewa. 3.f3 tana buɗe wa sarkinka iska. Bayan dxe4 fxe4 e5, idan ka ci sojan e5 sarauniya ta sauka h4 da cak, wato hari kai tsaye a kan sarkinka, ka shiga uku. 3.Nc3 da Bf5 kuwa hanya ce da aka tattake, nazarinta ya wuce taku ashirin, Kawu ya san ta kamar hanyar masallaci. Akwai na huɗu da ba ka ambata ba, harin Fanof, wato 3.exd5 cxd5 4.c4. Na daɗe ina juya shi a raina saboda ya dace da zafin jininka: 'ya'ya na samun sarari, ana kai hari da wuri. Amma yawanci yana barin Fari da soja a d4 shi kaɗai, babu ɗan'uwa a hagu ko dama. Muddin manyan 'ya'ya na kan allo wannan soja ƙarfi ne. Da an yi musaya uku huɗu sai ya zama kaya. Kai da bakinka ka ce musaya ce sana'ar Kawu. Saboda haka ka ajiye Fanof sai baɗi.

Abin da nake ba ka shi ne layin musaya da bishof a d3:

1.e4 c6 2.d4 d5 3.exd5 cxd5 4.Bd3

Na san za ka ce yaya za a yi mai neman hari ya fara da musaya. Ka duba allon da kyau. Bishof ɗinka a d3 ya riƙe layin da ya taso daga b1 ya bi ta f5 har h7. Ke nan gidan f5, wanda saboda shi Kawu ya zaɓi c6 tun farko, ya haramta ga bishof ɗinsa. A taku na huɗu ka riga ka taɓa abin da ya fi ƙauna. Zai buga Nc6 ya kai wa d4 hari, domin bishof ɗinka ya tare wa sarauniya gani. Ka amsa da 5.c3. Kada ka yi saurin fito da doki f3 a nan, domin shi ne zai ba bishof ɗinsa aikin yi a g4, ya ɗaure dokin. Sai ya buga Nf6, kai kuma 6.Bf4. Yanzu bishof ɗinka na biyu yana kallon e5, yana kuma kallon c7 da b8. Kawu zai fito da nasa g4 ya taɓa sarauniyarka. Ka kai ta 7.Qb3. Da bishof ɗinsa ya bar c8 ya bar sojan b7 babu mai gadi, sarauniyarka kuwa kansa take kallo. Dole ya tsaya ya kare, da Qd7 ko Qc8 ko Na5.

Daga nan babu sauran hadda mai yawa, tsari ne. Dokin b1 ya tafi d2, na g1 ya tafi f3 yanzu da ɗan'uwansa ke dafa masa, ka yi kasul, wato takun da ke ɓoye sarki a gefe ya fito da hasumiya, ta gajeren ɓangare, ka kawo hasumiya e1 inda babu sojanka a gabanta, sannan ka dasa doki a e5. Wannan gida na e5 shi ne gonarka a wannan layi. Doki a wurin yana kallon f7 da g6 da d7 da c6 da g4, kuma yana da wuyar kora, domin idan Baƙi ya buga f6 ya raunana e6 da g6 da hannunsa. Idan ya ci dokin, kana da zaɓi: ka rama da bishof ka ci gaba da riƙe gidan, ko ka rama da sojan d4, wanda zai sauka e5 ya kori dokinsa na f6. Ka riƙe wannan da kyau, dokin f6 shi ne mai gadin h7. Ran da ya tashi daga wurin, bishof ɗinka na d3 da sarauniya a bayansa a c2 sun sami abin kallo. Daga nan ne f4 ke zuwa, hasumiya ta hau layi na uku ta gangara g3 ko h3. Harin da kake ƙishirwa yana nan, sai dai yana zuwa ne wajen taku na ashirin, bayan kowa ya isa wurin aikinsa.

Kafin ka jefa bishof a h7, ka tambayi kanka: dokinsa ya bar f6? Dokina zai iya sauka g5 ba a cinye shi ba? Sarauniyata na da hanyar h5? Idan ɗaya ya ɓace, ka mayar da hannunka aljihu ka ƙara kawo wani ɗan kusa.

Akwai kwaɗayi guda da nake jiye maka. Sau da yawa wasan kan tafi haka: 7...Qd7 8.Nd2 e6 9.Ngf3 Bxf3 10.Nxf3 Bd6 11.Bxd6 Qxd6. Sarauniyarsa ta bar d7, sojan b7 ya sake zama a fili. Hannunka zai yi ƙaiƙayi. Idan ka ci, hasumiyarsa ta zo b8 ta kori sarauniyarka tana kallon b2, alhali sarkinka na tsakiyar allo bai ɓuya ba. Ka yi kasul ka bar masa sojansa. Haka kuma idan tun a taku na biyar ya buga Qc7 don ya hana ka Bf4, kada ka rikice. Ka fito da doki e2, daga nan yana dafa wa f4, taku na gaba bishof ya fito ya kori sarauniyar.

Ka nemi wasa ɗaya ka bi shi a kan allo na gaske, ba a fuskar waya kawai ba. Ka rubuta Fischer Petrosian 1970 a intanet zai fito. A birnin Belgired aka yi shi, a karawar Tarayyar Sobiyet da sauran ƙasashen duniya. Petrosiyan ya riƙe kambun duniya daga 1963 zuwa 1969, kuma ana yi masa laƙabi da Tigran na ƙarfe saboda wuyar cinsa. Idan kana neman uban masu katanga, shi ne. Bobi Fisha na Amurka ya buga masa wannan layin da na ba ka, taku bayan taku. Petrosiyan ya zaɓi 7...Na5, Fisha ya ba da cak a a4, bishof ya koma d7, sarauniya ta ja baya c2, Baƙi ya buga e6. Ka tsaya a nan ka duba: bishof ɗin da aka buɗe Karo-Kan dominsa ya koma bayan sojoji an kulle shi. Petrosiyan ya kawo sarauniya b6 da niyyar ya kai bishof ɗin b5 ya musanya shi da na Fisha mai kyau. Amsar Fisha a taku na 11 ita ce a4. Soja ɗaya na gefe ya matsa gida biyu, babu cak, babu barazana, babu abin da zai sa 'yan kallo su yi kabbara. Amma ya rufe b5, bishof ɗin ya ci gaba da zaman kurkuku. Sai can daga baya doki ya hau e5, f4 ta zo, f5 ta biyo, aka buɗe wa sarkin Baƙi gida, Petrosiyan ya miƙa wuya a taku na 39. A wasa huɗun da suka yi Fisha ya ci biyu, biyu canjaras. Ina so ka daɗe a kan wannan a4 ɗin fiye da yadda za ka daɗe a kan harin ƙarshe. Fisha ya tambayi kansa me abokin karawarsa ke so, ya hana shi. Wannan tambaya ce ba na gani a wasiƙarka.

Kada in ruɗe ka, wannan layi ba ya ba Fari wata babbar riba idan Baƙi ya san abin da yake yi. Ka sa shi a injin kwamfuta zai nuna maka kusan kunnen doki. Kawu ma yana da nasa shirin, gara ka san shi tun yanzu. Bayan musayar taku na uku yana da sojoji biyu a ɓangaren sarauniya, a da b, kai kana da uku, a da b da c. Zai kawo hasumiya b8 ko c8, ya turo b5 sannan b4, ya ci sojanka na c3 ko ya tilasta maka ci, don ya bar ka da soja mai rauni a layin c da hasumiyarsa za ta yi ta ƙwanƙwasa har ƙarshen wasa. Ba mamaki irin wannan ne ke haifar da "soja ɗaya tak" ɗin da kake kuka da shi. Maganinsa ka sa ido: idan ka ga yana shirin b5, a4 ko a3 na rage masa gudu, bishof ɗinka na f4 ma yana hana hasumiya zama a b8. Zai kuma yi ƙoƙarin zagayo da bishof ɗinsa daga g4 zuwa h5 zuwa g6 don ya musanya shi da naka na d3. Wani lokaci zai yi nasara. Ba faɗuwa ba ce, dokin e5 na nan, wasa na ci gaba. Abin da layin ke ba ka shi ne allo mai fasali iri ɗaya kowane wasa, wanda a karo na goma za ka gane shi kamar yadda kake gane shadda mai kyau da taɓawa ɗaya. Mai tsaron shago a Kwari daga safe zuwa yamma ba shi da lokacin haddar layuka ashirin, amma yana da lokacin sanin gida ɗaya ciki da bai.

Kuma a nan ne nake ganin ainihin ciwon. Wasa talatin, layi huɗu ko biyar. Ke nan idan aka raba, kowanne ka buga shi wajen sau shida zuwa takwas kawai. Kawu kuwa Karo-Kan ɗaya yake bugawa, wataƙila tun kafin a haife ka. Duk ran da ka zo da sabon layi, kai ne baƙo a kan allon, shi yana gida. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Na taɓa zama inda kake. Shekarun baya a Fagge akwai wani dattijon tela da nake zuwa wurinsa bayan ya rufe keke. Allonsa na kwali ne da aka manna da salatif, sojan Baƙi ɗaya ya ɓata an maye gurbinsa da murfin kwalbar lemo. Yakan ajiye kofin shayi a gefen allon, ba ya kurɓa sai ya yi taku. Watanni na yi ina kai masa hari ina dawowa hannu rabbana. Ran da na fara cinsa babu sadaukarwa ko ɗaya a wasan. Mun kai wajen taku hamsin, ya rage sarki da sojoji, nawa ya riga nasa isa tsakiya da taku ɗaya. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kwantar da sarkinsa ya ce, "Yau ka zauna." Allah Ya jiƙansa, har yau idan hannuna ya yi saurin kai wa doki nakan tuna wannan kalma.

Maganar barin e4 kuwa, a'a. Mai buga c6 a kan e4 yawanci c6 ɗin zai buga maka a kan d4, wato 1.d4 d5 2.c4 c6, kariyar Silab. Ka gudu daga katanga ka tarar da 'yar'uwarta. Kowane buɗi yana da nasa mai taurin kai. A Landan a 2000, a karawar kambun duniya, Kiramnik na Rasha ya tare Kasfarof da kariyar Balin sau huɗu, duka huɗun canjaras, Kasfarof ya rasa kambunsa ba tare da ya ci wasa ko ɗaya ba a cikin 15. Wanda ya fi kowa shiri a zamaninsa ke nan. Saboda haka canjaras huɗun da ka samu a hannun Kawu kada ka raina su, ka ma yi ƙoƙarin tuna yadda aka yi ka same su. Ina zargin ranakun ne ba ka jefar da komai ba.

Mako uku ba shi da yawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka fara yau. Ka dakatar da wasannin minti uku na tsakar dare, su ne ke koya wa hannu rigan kai. Ka koma na minti goma sha biyar, guda ɗaya ko biyu a rana sun isa. A Lichess, dandalin wasan ces na intanet wanda kyauta ne, za ka iya jera matsayin bayan 4.Bd3 ka buga daga nan da aboki ko da kwamfuta, ka kuma juya allon ka riƙe Baƙi wasu lokuta don ka ji inda takalmin ke matsa masa. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu ka riƙa rubuta kowane taku idan kuna wasa da Kawu. Da dare ka sake jera wasan, ka nemo da kanka takun da sojan nan ya salwanta, sai bayan ka gaji sannan ka tambayi inji. Ka ware wa ƙarshen wasa rabin lokacinka, domin can ake yanka ka: yadda sarki ke tare sarki idan ya rage soja ɗaya, da matsayin Lusena da na Filido a ƙarshen wasan hasumiya, na farko dabarar cin wasa ce, na biyu ta riƙe canjaras. Abubuwa ne da ake koya a zama biyu uku, kuma su ne ke mayar da faɗuwa canjaras. A shago kuwa, idan kasuwa ta lafa bayan Azahar ka warware matsala biyar ko goma a waya, amma da mai saye ya tsaya ka kife ta. Dukiyar yayanka amana ce.

Za ka so ka ɓoye sabon layin sai ranar gasa don ka shammace shi. Kada ka yi. Babu sirri a cikinsa, Kawu ya san shi, ba mamaki ya san wasan Fisha ɗin ma da ka. Kai ne ke bukatar ka ga yadda yake amsawa, kuma kana da Juma'a uku da Lahadi uku kafin ranar. Ka buga masa shi duk ran da ka riƙe Fari. Bayan kowane wasa, ko ka ci ko an ci ka, ka ce "Kawu, a ina na kauce?" Malami ne, tambayar za ta yi masa daɗi fiye da cin wasan, kuma zai nuna maka abin da inji ba zai iya faɗa maka da Hausa ba. Idan aka kira Magariba ku bar allon yadda yake, a dawo a ƙarasa.

Ban yi maka alkawarin za ka cinye shi a gasar nan ba. Zai yiwu ka yi canjaras, zai yiwu ya sake cin ka a taku na sittin. Abin da nake roƙonka shi ne wasa ashirin da wannan layi kafin ka yanke masa hukunci. Idan ka buga uku na farko da Kawu, ka kwafo min su daga littafinka ka aiko, musamman daga taku na 12 zuwa na 25, ka kuma sa alama a duk inda ka ji hannunka na son jefa wani abu ka hana shi. Ka gaishe min da Kawu.